Wa Zai Riƙe Igiya: Tunawa da Yayana, Helman Rijiya

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai wani ya riga wani. Yayana ya riga ni ranar Laraba da hantsi, bayan an gama yankan gero, a ɗakinsa da ke bayan kasuwar Dutsin-Ma. Ni ce auta a ɗakinmu, yanzu ni kaɗai na rage. Ban yi boko ba. Matar jikana ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Kwana uku ina zaune tsakar gida ina karɓar gaisuwa. Kunnena bai mutu ba, katanga kuma ba ta hana jin abin da maza ke faɗi a ƙofar gida. Liman ya ce Helma mutum ne mai haƙuri. Mutanen Birchi sun zo mota guda, babbansu ya ce rijiyar da ya haƙa masu ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara. Wata tsohuwa daga Kurfi ta riƙe hannuna ta yi ta kuka, ta ce tun ranar da aka buɗe rijiyar unguwarsu ba ta ƙara tafiya rafi da tsohon ciki ba. Wani dattijo da ya yi aiki ƙarƙashinsa kuma ya shafa fatiha, ya nisa, ya ce, "Allah ya jiƙan Helma. Amma fa shekara tara ina roƙonsa ya ba ni igiya, ya bar ni a kwaɓin siminti." Aka yi dariya a zaman makoki, har da liman.

Ban ƙaryata kowa ba. Sai dai haƙurin nan da liman ya faɗa, ni na san da abin da aka yi shi. Akuyar da ke ɗaure a turke ma, in ka gan ta kwance, sai ka ce haƙuri gare ta. Shi ya sa na ce a rubuta, kada a tafi da rabin labari.

Haƙar rijiya gadon gidanmu ce. 'Yan shekaru kafin mulkin kai, ofis ya fara yi wa ƙauyuka rijiyoyin kankare, Bature ya nemi wanda ya san ƙasa, aka nuna masa Yaya. Ya yi shi helma, wato shugaban leburori, ya ce ya zaɓi mutanensa da kansa. Ni a lokacin mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gida. Yaya ya ce, "Auta, zaman me za ki yi? Taho ki riƙa dafa mana tuwo." Haka na bi su, daga Karofi zuwa Birchi, daga Birchi zuwa ƙauyukan bayan Kurfi. Duk inda suka kafa aiki, nan nake kafa murhu.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Mutum ɗaya ke shiga ƙasa da diga, ya haƙa, ya cika gugan ƙarfe da ƙasa da duwatsu. Na sama su ja gugan ya hau, ta bisa kansa. Ramin ba shi da faɗin da zai kauce. In guga ya kuɓuce, shi zai samu, babu wani. Saboda haka Yaya kan ce, "Mai diga da ƙarfinsa yake aiki, mai igiya da ran wani." Mai diga ba ya ba shi wahalar zaɓe, ya kan duba kafaɗa da tafin hannu kawai. Amma wanda zai tsaya gaba a igiya, wannan sai an gwada.

Gwajin kuwa da ni ake yi. In mutum ya zo neman aiki, Yaya ya kan cika guga da yashi ya zura shi rabin rami, ya miƙa wa baƙon igiya ya ce, "Riƙe mini nan, ina zuwa." Sai ya zagaya bayan tsibin ƙasa kamar zai kama ruwa. Ni kuma in taho ta bayan mutumin da tasa a hannu, in sake ta kan dutse. Ƙwal! Wanda ya waiwaya, ya faɗi. Wanda idonsa bai bar bakin rami ba, shi ne mai igiya. Tasa uku na lotsa a wannan hidima, ban kuwa taɓa jin an ce za a saya mini wata ba.

Sau ɗaya dabarar ta ci mu. Wani dogon mutum ya zo daga wajen Zobe, na saki tasa, ko gezau. Na ɗauka na sake saki, bai motsa ba. Yaya ya fito yana murna yana cewa yau ya samu namiji. Ya yi masa magana ta baya, shiru. Ashe kurma ne. Leburori suka yi wata guda suna tsokanar Yaya, in ya ba da umarni sai su kama kunne su ce, "Na'am, Helma? Mu ma masu igiya ne." Bai ji haushi ba, bai kuma kori mutumin ba. Ya sa shi tankaɗen yashi, ya ce nan surutu ba ya ɓata masa aiki. Dama shi ba ya kora. Wanda ya waiwaya a ba shi kwaɓi, mai tsoron rami a ba shi jaki ya ɗebo tsakuwa. Ya kan ce babu mutumin banza, sai wanda aka ajiye ba a wurinsa ba.

Akwai doka guda da kowa ya sani a wurin aikinsa: mai igiya ba ya amsa sallama. Ko hakimi ne ya zo wucewa, wani daga cikin leburori zai amsa a madadinsa. Mutanen gari kan ga kamar rashin ladabi ne, Yaya ya ce su gani.

Yanzu zan faɗi abin da bakina bai saba faɗi ba. Wanda ke shiga ƙasa a yawancin rijiyoyin nan ɗana ne, ɗan fari. Tun da aka yaye shi Yaya ya ɗauke shi, a hannunsa ya girma. Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna a gaban mutane, har ku rungume su. Mu ba haka aka raine mu ba. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ban taɓa miƙa masa abinci da hannuna ba, sai in ajiye in ce, "A ba na Helma." In yana ƙasa ba na ko duban inda rijiyar take, don kada a ce ta kasa kunya. Kuma gaskiya hankalina kwance yake, domin wanda ke gaba a igiya wani Bagobiri ne siriri marar magana, wanda na taɓa sakin tasa har ta gangara ta buge masa dunduniya bai ƙifta ido ba.

Bayan mulkin kai da kamar shekara biyu aka kawo mana ƙarfen naɗi. Wani abu ne da ake kafawa a bakin rami, da hannu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ana juyawa yana naɗe igiya. Ya rage wahala, ban musa ba. Amma tare da shi takarda ta zo. Akawu ya tara su a ƙarƙashin wata bishiyar bedi ya karanta: tun da yanzu aikin na inji ne, ba helma zai riƙa ɗaukar ma'aikata ba. A babban ofis za a ɗauka. Likita zai auna ƙirji da tsawo, a gwada ido, a ga ko mutum ya iya karanta lamba. Kowa za a ba shi aji, a rubuta aikinsa a takarda, kuma ba a sauya wa mutum aikin da takardarsa ta ce. Har tsofaffin ma'aikata sai sun je an auna su.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam akawu, ita takardar nan ta taɓa shiga rami?"

Akawu ya ce, "Helma, ni aike ne."

"Na sani. Da ka koma ka tambaye ta."

Suka tafi awo a bayan babbar mota. Da suka dawo, Bagobiri ba ya ciki. Wai ƙirjinsa ya gaza da yatsa biyu, kuma bai bambanta shida da tara ba. Ya zo ya ɗauki tabarmarsa da butarsa, ya tsuguna gaban Yaya ya ce, "Helma, a yafe mini." Yaya ya raka shi har bakin hanya. A madadinsa aka turo wani mutumin Karofi, ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji, ya yi aji huɗu a makaranta, takardarsa ta ce shi ne mai juya ƙarfe.

Kada a ce na ɓata shi. Mutumin kirki ne. Ya fi kowa fara'a, ya fi kowa ladabi, in na ɗora tukunya shi ke rugowa ya sauke mini. Ladabin ne ma ciwonsa. Ba ya iya jin gaisuwa bai juya ya amsa ba, har da tambayar iyali da gajiya da ya aka ji da zafi. Ranar da ya fara aiki Yaya ya dube ni, na gane. Aka zura guga da yashi, na zo ta baya na saki tasa. Ba waiwaya kaɗai ya yi ba. Sakin hannun ƙarfen ya yi ya nufo ni yana cewa, "Ayya, sannu Inna, ba ki ji ciwo ba?" Ƙarfen ya warware da gudu, muka ji gugan ya daki ƙasa, dim. Ba kowa a ciki ranar. Ni da Yaya muka tsaya muna kallon juna.

Sau uku Yaya yana sa akawu ya rubuta wa ofis cewa a ba shi izini ya mai da mutumin kwaɓi. Amsa iri ɗaya: takardarsa ta cika, ajinsa ya fi na kwaɓi, helma ba shi da ikon sauya masa wuri sai in ya yi laifin da za a iya rubutawa. Yaya ya ce, "Wato sai ya kashe mutum sannan takarda ta gan shi." Ya yi masa faɗa, ya yi masa nasiha, ya kira shi gefe ya roƙe shi. Mutumin ya ce ya ji, kuma da gaske yake. Kwana biyu zai kiyaye, rana ta uku mai tallar goro ta ce sannunku da aiki, sai ka ga wuyansa ya juya da kansa.

Daga nan Yaya ya tuɓe rigarsa ya kama hannun ƙarfe na biyu. Helma guda, mai shekara sittin da ɗoriya, yana aikin lebura daga safe har la'asar. Duk lokacin da ɗan nan ke ƙasa, Yaya na kan ƙarfe. Ko fitsari ne ya kama shi sai a tsai da aiki. Shekara uku yana haka. Na ga kafaɗunsa sun ranƙwafa. Me zan ce? In na ce ya huta, ɗana ne a ƙasa. In na ce ya daure, ɗan'uwana ne ke ƙarewa. Kuma ko ɗayan biyun ba ni da bakin faɗi.

A wata rijiya ta gefen Birchi abin ya faru, da azahar. Guga cike da dutse ya kusa bakin rami, sai wani Bafulatani ya zo wucewa da shanunsa ya yi sallama. Mutumin Karofi ya ɗaga hannu ya amsa. Nauyin duka ya dawo kan Yaya. Ƙarfen ya fizge, ya buge shi a haƙarƙari, amma bai saki ba, ya kwanta a kansa da ƙirji har sauran suka rugo. Dutse ɗaya ya zame daga gugan. A kafaɗa ya samu ɗan nan. Da an ƙara taƙi guda, da a ka ne.

Aka fito da shi jini na bin hannunsa. Ni ina bakin murhu, na juya baya ina tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu. Da la'asar na kai wa Yaya abinci bayan rumfa, inda yake kwance yana numfashi da ƙyar. Na ajiye kwano. Ranar kunya ta ƙare mini.

Na ce, "Yaya, ka fidda mini ɗana daga ramin nan."

Ya dube ni. Ya ce, "Auta, yau kika haife shi?"

"Ka fidda shi."

"Takardarsa ta ce mai diga. Ko da ina da iko ma, in na fidda naki, ɗan wa zan sa?"

"To ka ajiye masu aikinsu, ku taho gida. Gona ba ta ƙare ba."

"In na ajiye, shi zai biyo ni? In bai biyo ni ba, wa zai tsaya a hannu na biyu?"

Sai na faɗi maganar da har yau take ci na. Na ce, "Da kai ke zaɓen maza. Yanzu jakin ofis ka zama, sun ɗora maka kaya kana bi."

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Ya jawo kwanon ya buɗe, ya ce, "Miyar ta yi gishiri," ya fara ci.

Labarin haƙarƙarin ne ya kawo mai duba aiki daga ofis. Wani malami ne mai natsuwa, ya tsuguna ya gaida Yaya kamar uba. Ya iske shi ya ɗaure ƙirji da rawani ya koma kan ƙarfe. Ya ce, "Baba, aikin helma tsayawa ne ya duba, ya auna zurfi, ya cika takardar yini. Me ya kawo ka nan?" Yaya ya gaya masa komai, bai ɓoye ba. Malamin ya miƙo masa tef ɗin awo ya ce ya karanta masa zurfin ramin. Yaya ya leƙa, ya ce gaba goma sha ɗaya da kamu ɗaya. Aka zura tef, malamin ya yi lissafinsa, ya girgiza kai ya ce daidai ne. Amma lambar da ke jikin tef ɗin Yaya bai iya karanta ta ba, takardar yini kuwa akawu ke cika masa tun farko.

Malamin ya zauna kan buhun siminti da takarda bisa gwiwa, ya daɗe bai rubuta ba. Ina kusa ina wanke kwanuka, na ji abin da ya ce. Ya ce, "Baba, wallahi na ga abin da na gani. Amma takardar nan layi-layi ce. Akwai layin karatu, akwai layin lafiyar jiki, akwai layin shekaru. Babu layin da zan rubuta cewa kai ka riƙe guga da ƙirjinka." Yaya ya ce, "Rubuta abin da ta tambaye ka, Malam. Kai ma ɗaure kake."

Bayan wata biyu takardar hutu ta zo, an sallami Yaya daga aiki. Tare da ita aka ce ƙungiyar leburorin za ta tashi zuwa arewa, can wajen iyakar Faransa, da sabon helma mai karatu. Yaya ya kira ɗan nan ya ce ya bar aikin. Ina bayan zana ina ji. Ɗan nan ya ce, "Kawu, mata gare ni da 'ya'ya biyu. Ban iya komai ba sai rami, kai ka koya mini. In na bari, wane ofis zai ƙara ba ni aji?"

Ranar tafiyarsu da safe muka je tashar Kurfi. An ɗora ƙarfen naɗi da buhuna a bayan mota, mutane cike, masu ƙosai, 'yan kamasho, matan da suka zo rakiya. Mutumin Karofi na tsaye yana ɗaure tabarmarsa. Sai na ga Yaya ya nufe shi, yana dafe da haƙarƙari. Na zaci faɗa zai yi masa na ƙarshe. Da ya isa gabansa sai ya durƙusa. Gwiwa biyu, cikin ƙasa, a gaban leburorin da shi ya ɗauke su aiki. Mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai mahaifinmu.

Mutumin ya ruɗe ya ce, "Subhanallahi, Baba, tashi! Don Allah tashi, mutane na kallo."

Yaya ya ce, "Su kalla. Shekara uku ina neman a cire ka daga ƙarfen nan, ka sani, ban ɓoye maka ba. Ban yi nasara ba. Yanzu ba ni da kowa sai kai. Roƙo na zo yi. In ɗan nan yana ƙasa, kada ka amsa sallamar kowa. Na san abin da ke damunka, kana tsoron hakkin sallama. To na ɗauke maka. Duk wadda ka ƙi amsawa, a rubuta ta a wuyana, ni zan amsa ta gaban Allah. Ka yarda?"

Mutumin ya durƙusa shi ma, hawaye na zuba, ya ce, "Na yarda, Baba." Direba ya yi ham. Suka hau. Ɗan nan ya leƙo ta gefen mota ya dubi inda nake, ni kuma na dubi ƙasa, domin akwai mutane.

Shekara huɗu suka yi a can. Shekara huɗu duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai Yaya ya ajiye abin da ke hannunsa. Ɗan nan ya dawo da ƙafafunsa, yana nan, furfura ta cika masa kai. Ko roƙon ne ya yi aiki, ko kwanansa ne ke gaba, ban sani ba. Yaya bai taɓa tambayarsa yadda aka yi a can ba, shi ma bai faɗa ba. Daga ranar tashar nan kuma Yaya bai ƙara leƙa bakin wata rijiya ba har ya koma ga Allah. In ya zo wucewa sai ya kewaye.

Maganar jakin nan, ban taɓa neman gafararsa a kanta ba. Na yi niyya sau ba adadi, in na buɗe baki sai in tambaye shi ko a ƙara masa fura. Yanzu an rufe shi, sai dai in faɗa wa takarda, ita da ba ta ji.

Allah ka jiƙan Yayana, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da garuruwa. In kuwa akwai sallamar da aka ƙi amsawa a bakin rami saboda roƙonsa, har aka rubuta a wuyansa kamar yadda ya nema, ya Allah ka sauke masa ka ɗora mini. Ɗana aka tsare da ita. Amin.